Sunan 'Yar Fari a Takardar Waƙafi

Shekarar Sadiyatu hamsin da biyu a duniya, ko sau ɗaya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. Ba faɗa suka yi ba. Laifinta ɗaya ne, ita ce 'yar fari, shi kuma Malam Jelani yana cikin mutanen da da suka riƙe alkunya kamar an saukar da aya a kanta. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa ko da ya haddace Alƙur'ani da ka cikin mako guda. Wasu iyayen sukan sassauta idan yaro ya girma. Malam Jelani bai ga dalilin sassautawa ba. Tana ƙarama yakan ce «yarinyar ga». Da ta yi aure ta koma «ta gidan Hashimu». Da Allah ya yi wa Hashimu rasuwa sai ta zama «ta Arkilla», sunan unguwar da take zaune. Idan kuma tana gabansa, «ke» ta wadatar. Abin haushin shi ne akwai wata kyanwa mai ido ɗaya da ke kwana a zauren gidan, ita kam tana da suna, kuma Malam yana kiranta da shi sau goma a yini.

Sadiyatu malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata, shekara ashirin da bakwai tana riƙe da jan biro. 'Yan aji suna tsoronta, malamai ma suna karanta saƙonsu sau biyu kafin su tura mata. Amma kowace Asabar takan ajiye jan biron, ta tari keke daga Arkilla zuwa gidansu da ke cikin lungunan kusa da Hubbare, ta ɗauki makulli daga ƙarƙashin buzun Malam ta buɗe ɗakin littattafai. Littattafan rubutun hannu ne, gadon kaka da kakanni, kowanne cikin gafakarsa ta fata, waɗansu takardunsu sun yi laushi har ana tsoron numfashi a kusa da su. Ita ke fito da su ta shanya a inuwa, ta kaɗe, ta duba ko gara ta yi musu ziyara, ta mayar. Tun da idon Malam ya fara hazo ita ce ta san wanne ke ina. Ƙannenta huɗu, Zayyanu da Junaidu da Wasila da Na'ima, suna son littattafan ƙwarai, musamman idan za a ɗauki hoto a gabansu.

Da Malam ya cika tamanin da huɗu sai ya yanke shawarar mayar da ɗakin waƙafi, kada bayan ransa a raba littattafan kamar naman layya. Mutanen jami'a kuma suna son su zo su ɗauki hoton kowane shafi, amma suka ce sai an kafa kwamitin amintattu an yi masa rajista, kuma takardar rajista da Turanci ake yin ta. Wanda sunansa ke cikin takardar shi ne zai riƙe makulli, shi ne zai ce a buɗe ko a rufe. Aikin rubutawa ya faɗa hannun Zayyanu, domin shi ne Dakta. Digirin nasa na uku a kan kiwon kifi ne, amma a gidan ba a bambanta Dakta da Dakta. Ya zauna gaban Malam da takarda, Malam ya lissafa 'ya'yansa, shi kuma ya rubuta.

Ranar wata Laraba da la'asar sai ga motar Zayyanu a ƙofar gidanta. Zafi ake yi irin wanda ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa, amma ya shigo da babbar riga mai sitaci, yana kumbura kamar talotalo.

«Adda, ga takardar ga, ki ɗan diba muna Turancin,» ya ce. «Lauyar daga Kano take, kada ta yi muna dariya.»

Ta sa tabarau. Ta gyara alamomin rubutu biyu, ta soke wata doguwar kalma da ya saka don burga. Sai ta iso layin da ya ce kwamitin amintattu comprises mutanen da ke ƙasa, ga sunaye huɗu a jere, Dakta Zayyanu a sama da manyan baƙaƙe. Ta juya takardar ko akwai ci gaba a baya. Bayan fari ne fat.

Wannan kalma kuwa ba baƙuwarta ba ce. Kowace shekara sai ta tsaya gaban allo ta raba wa 'yan aji uku ita da 'yar'uwarta includes. Takan ce musu idan aka ce miya includes kuka da daddawa, an faɗi kaɗan ne an bar saura, wataƙila da barkono, wataƙila da nama idan maigida ya tashi da arziki. Amma idan aka ce miya comprises kuka da daddawa da gishiri, to an rufe tukunya ke nan, duk abin da ba a ambata ba ba ya ciki. Ɗaya tana barin ƙofa a buɗe, ɗaya tana sa sakata. Ɗaruruwan yara ta zabga wa jan biro a kan wannan. Yau ga shi an sa sakatar, ita tana waje.

«Zayyanu, mu nawa Baba yah haihwa?»

«Biyat mana.»

«To nan huɗu nig gani.»

Ya gyara hula. «Abin da Baba yac ce shi na rubuta. Da ya zo wurinki tari yay yi, ya wuce. Ni kuma ban san yadda aka rubuta tari da Turanci ba.»

Bai yi ƙarya ba. Haka Malam yake yi duk lokacin da lissafin 'ya'ya ya kama shi: ɗan gajeren tari a farko, sannan Zayyanu. Duk dangi sun san tarin nan Sadiyatu ce. Amma Zayyanu ma ya sani, kuma hannunsa bai karye ba da zai kasa ƙara layi ɗaya. Abin da ya hana shi ba boyayye ba ne. Na farko a jerin shi ne shugaban kwamiti, kuma har ya riga ya tambayi mai buga kati ko akwai sauran wuri a ƙarƙashin sunansa.

«Abin mai sauƙi na, Adda,» ya ce da muryar sulhu. «Ke kin san Turanci. Ki canza kalmar, ki sa ɗayar, mai barin ƙohwa buɗe. Kowa ya san kina ciki.»

«Ni ba barkono ba ta, da za a ce wataƙila ina ciki.»

«To ki rubuta sunanki da hannunki.»

Ta dubi biron. Da ta yi hakan da an wuce wurin. Sai dai abin da ya tokare mata ƙirji ba makulli ba ne kawai. Ta ji haushi, haushi mai tsanani, irin wanda ya daɗe yana jiran ranar fita. Ita ta yi jinyar mahaifiyarsu har ta cika. Ita ke kai Malam asibitin ido. Ita ta san gafakar da ɓera ya ci wa kunne. Idan bayan duk wannan sai ta saci hanya ta cusa sunanta a takardar ubanta kamar mai maguɗin jarrabawa, to gara a bar ta a waje. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce masa za ta kai wa mai ita.

Ba ta jira Asabar ba. Washegari tana tashi daga makaranta ta nufi gida. A tsakar gida ta tarar da Goggo Hindu, ƙanwar Malam, tsohuwa mai sauran haƙora uku da bakin da ya fi na mai talatin da biyu kaifi. Tana zaune tana goga goro a magogi. Sadiyatu ta zayyana mata komai, tana sa ran a taya ta jin haushi.

Goggo ta kwashe da dariya har goron ya zube. «Ke dai boko ya lalata ki. Ubanmu har yam mutu bai kira sunan babban yayanmu ba, kuma yayan namu bai rame ba. Wanda anka hi so shi aka ɓoye ma suna. Ke kina son shi tsaya bakin titi shi yi ta kiran ki kamar mai tallar manja?»

«Goggo, ai kyanwa ma yana kiran ta.»

«To ki koma kyanwa.»

Ta bar ta nan ta shiga zaure. Malam yana kan buzu, ya jingina da bango, carbi a hannu, farin gemunsa ya sauka har ƙirji. Ta durƙusa ta gaishe shi.

«Ke ta?» ya ce, yana kallon gefen kafaɗarta, inda ya saba kallo.

«Ni ta, Baba.»

«Yau ba Asabar ba ta.»

Ta ce ta sani. Ta fito da takardar ta fassara masa layi-layi. Da ta zo kan kalmar sai ta tsaya ta yi masa bayaninta, har da misalin miya, ko da yake ta ji kunyar kawo tukunya cikin zauren da ake karanta manyan littattafai. Ga mamakinta sai fuskar Malam ta washe. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana auna kalmomi, ya ji an kawo masa sabuwa.

«Sake hwaɗi in ji.»

Ta sake.

«Ikon Allah. Ashe su ma suna da kalma mai kiyaye iyaka. Wagga ba ta da ha'inci. Abin da ac ciki shina ciki, abin da ba shi ciki ba shi ciki. A bar ta, kada a canza.»

«An bar ta, Baba. Amma in an bar ta, huɗu ke ciki.»

Carbin ya tsaya. «Wa ya rage?»

Ita ma tarbiyyar gidan ce, ba ta iya buɗe baki ta faɗi sunanta a gabansa kamar mai neman aiki. Suka zauna haka, uba da 'ya, kowa ya san amsar, kowa yana jiran ɗaya ya yi rashin kunya.

«Kowa ya san da ke,» Malam ya ce can.

«Takarda ba ta sani ba, Baba.»

Ya ɗaga kai yana saurare, duk da babu ladanin da ya yi ko gyaran murya. «La'asar ta gabato. Miƙo mani buta.»

Saura fiye da awa guda a kira salla. Ta miƙa masa butar. A cikin keke tana komawa Arkilla ta yi ta share ido da gefen mayafi, tana jin haushin kanta. Mace mai jika biyu, wadda shugabar makaranta ma ke shakkar ta, tana kuka saboda tsoho ya ƙi furta gaɓa huɗu.

An sa ranar sa hannu Asabar da hantsi. Lauyar, Barista Mariyatu, ta iso da 'yar jakarta da Hausarta ta Kano, gajeriyar mace mai saurin magana wadda da gani ba ta da lokacin ɓatawa. An shimfiɗa tabarmi a zaure. Shaidu biyu ne: Liman Gazali, abokin Malam tun suna yara, da wani malamin jami'a mai yawan duba agogo. Zayyanu ya zo da wata babbar rigar da ta fi ta Laraba sitaci. Junaidu ya zauna kusa da shi. Wasila da Na'ima da Goggo suna bayan labulen ƙofar cikin gida, Sadiyatu kuma ta zauna a bakin labulen, rabi ciki rabi waje. Ta mayar wa Zayyanu takardar yadda take, sunaye huɗu. Ta riga ta yanke cewa idan aka gama za ta ajiye makullin a kan buzu, ta koma Arkilla, su yi ta fama da gara da digirinsu.

Barista ta kafa wayarta a kan 'yar ƙafa, ta saita ta ga Malam. Ta ce tun da Malam ba ya karanta Turanci kuma idonsa ya raunana, ba za ta dogara da takarda kaɗai ba. Ta ga gidaje da yawa da suka watse a kotu saboda wani ya ce tsoho bai san abin da ya sa wa hannu ba. Don haka Malam zai faɗi sunayen amintattun da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban shaidu, waya tana ɗauka. Wanda ya faɗa shi ne a ciki. Wanda bai faɗa ba, babu shi.

Malam ya yi bisimilla. Ya yi salati mai tsawo, ya yi wa iyaye da malamai addu'a, ya haɗa da waɗanda suka rubuta littattafan da waɗanda suka jeme fatar gafakar. Malamin jami'a ya duba agogo. Sannan Malam ya ce:

«Na hwarko, babbarsu.»

Zayyanu ya ɗago kai da sauri har hularsa ta karkace. Sadiyatu ta kasa kunne. Babu tari.

«Madalla,» Barista ta ce, tana duba takardar. «Ba ta cikin jerin nan, amma za a ƙara. Sunanta, Malam?»

«Babbarsu dai. Ta Arkilla.»

«Arkilla unguwa ce, Malam. Suna nake so.»

«Matar marigayi Hashimu.»

«Allah ya ji ƙansa. Sunanta fa?»

«Uwar Sharifuddeen.»

Barista ta ajiye biro. «Malam, na gane. Kakata ma haka ta yi wa babana har ta bar duniya. Amma alƙali ba zai yi zaman neman uwar Sharifuddeen a cikin Sakkwato ba. A yi haƙuri a faɗa sau ɗaya, shi ke nan.»

Malam ya juya wajen abokinsa. «Liman, hwaɗa mata.»

Liman Gazali, wanda shi ne ya raɗa sunan da bakinsa shekara hamsin da biyu da suka wuce, ya faɗa da ƙarfi yana murmushi, don abin ya fara yi masa daɗi. Barista ta gode masa, ta ce sai dai ba shi ne mai waƙafin ba. Daga bayan labule aka ji Goggo tana cewa wannan 'yar Kano ba a yi mata tarbiyya ba, da muryar da take zaton raɗa ce.

Malam ya nemi ruwa. Aka kawo, ya sha a hankali cikin numfashi uku kamar yadda sunna ta koyar, ya ƙara na huɗu don jan lokaci. Sai dabara ta zo masa irin ta malamai. Ya gyara zama ya ce: «Rubuta. Sinun. Ainun. Dalun.»

«Malam, ba allo muke wankewa ba,» Barista ta ce, amma a tausashe. «Kira za ka yi.»

Junaidu ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Malamin jami'a ya manta da agogo. Wasila da Na'ima suna toshe baki a bayan labule. Sadiyatu ma da farko dariyar ta taso mata, dariyar mugunta, ta wanda aka daɗe ana yi wa rowa yau ya ga an matse mai rowar. Sai ta dubi mahaifinta da kyau, dariyar ta koma.

Gumi ne ke bin gefen rawaninsa yana shiga gemu. Hannun da ke riƙe da carbi yana rawa. Babban yatsan ƙafarsa yana ta tonon gashin buzu. Mutumin da manyan alƙalai ke cire takalmi su durƙusa a gabansa, wanda bai taɓa rasa amsar mas'ala ba, ga shi an tsare shi a zaurensa, gaban ƙannenta da baƙi, leɓensa yana motsi babu sauti. Ta gane ba taurin kai yake yi ba. So yake ya faɗa, abin ne ya ƙi fita, kamar ƙofar da aka shekara hamsin ba a buɗe ba. Kuma ita ce ta jawo masa. Tausayinsa ya kama ta, kunya ta rufe ta, ta ji ba ta son sunan kuma, ba ta son makullin, so take kawai a kashe wayar nan a bar tsohon ya huta.

«Barista,» ta ce, «a bar shi haka nan. A bar huɗun. Ni na yahe, ba sai an—»

«Wa ya sa bakinki, Sadiyatu?»

Tsawa ce sosai, irin wadda ake yi wa yaron da ya tsoma hannu a akushin manya. Malam ya miƙe zaune, ya juyo, kuma ba gefen kafaɗarta yake kallo ba.

«Manya na magana kina tsoma baki? Haka anka koya maki? Littattahwan ga naki na, da za ki yahe? Ni nis san wanda ni ba amana.» Ya juya ga Barista yana huci. «Kin jiya? Ita ta. Sa ta bisa. Sauran su biyo baya, Zayyanu da Junaidu da Wasila da Na'ima. Kuma a bar kalmar nan mai sakata.»

Barista ta leƙa wayarta ta ce an ɗauka. Liman Gazali ya ce Allahu akbar a hankali, yana share hawayen da ba a san na dariya ne ko na wani abu ba. Zayyanu ya cire hula ya duba cikinta ya mayar. Malam kuwa ya koma ya jingina da bango, ya ja carbinsa, fuskarsa a murtuke, kamar wanda aka ɓata wa rai ƙwarai. Wanda ya san shi ne kawai zai lura hannun ya daina rawa.

Sadiyatu ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta tsinci kanta a tsakar gida, bayan randa, ta rufe fuska da mayafi tana kuka kamar wadda aka yi wa duka. Shekara da shekaru tana tsara yadda abin zai kasance idan ya zo. Ta zaci zai zo cikin addu'a, ko a gadon asibiti, da murya mai taushi. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa da faɗa zai zo ba. Amma ya faɗe shi daidai, bai yi tuntuɓe ko a gaɓa ɗaya ba, har ya ja tsakiyarsa yadda mahaifiyarta take ja.

Goggo Hindu ta biyo ta tana jan ƙafa, ta tsaya a kanta.

«To, kin samu abin da kika so. Kin sa tsoho ya yi abin kunya gaban mutanen Kano.» Ta tsuke baki, ta gyara ɗaurin zane. «Amma ke ma ba ki da ta ido. Ubanki ya kira ki, kin tashi kin gudu. Ko amsawa ba ki yi ba.»

Sadiyatu ta sauke mayafin. Gaskiya ne, ba ta amsa ba. Ba ta ma san ana amsa masa ba, don ba a taɓa yi ba.

Ta wanke fuska da ruwan randa, ta goge. Ta koma bakin labule. A ciki Barista tana karanta sabon jerin, Zayyanu yana tambaya ko akwai muƙamin mataimakin shugaba. Ta durƙusa inda take ɗazu, ta jira Barista ta kai aya.

«Na'am, Baba,» ta ce.

Malam bai juyo ba. Ya ja ƙwayar carbi ɗaya, ya ja ta biyu.

«Kin daɗe,» ya ce.